Giginya Mai Doro

Da la'asar ɗin Talata na dawo daga barkar haihuwa, ko mayafi ban cire ba na leƙa soro in ga ko yadin ya bushe. Abin da na gani ya sa na saki salati da ƙarfi, har matan makwabta suka fito ba takalmi.

Bari in faɗi ko wane yadi ne, kada wani ya ce tsohuwa ta tara jama'a a kan tsumma. Autana Abdulsamad, mai aiki a injin shinkafa nan Kura, shi da abokansa suna da wani wasa da suka samo a waya. Farin yadi ake shimfiɗawa mai gida-gida kamar na dara. Auta ya zauna yana ba da labarin yaƙi, kowa da jaruminsa na ɗan guntun itace, a jefa ƙwayar ludo, abin da ta nuna shi ne rabonka. Amma sai ƙasa ta fito a jikin yadin. Nan ruwa ne, doki ba ya wucewa. Nan dutse ne, ka hau ka hango abokin gaba. Nan daji ne, ka ɓuya. Da biro suke zanawa, kamar kaji sun yi tsere a kan tawada.

Ni kuwa tun ina yarinya nake zanen ƙwarya. Na ɗauki sakaina na sassaƙa musu hatimai, na ruwa, na dutse, na shinkafa, na kango. Na daji kuma na yi shi da siffar wata giginya mai doro da na sani ina budurwa, kafin katafila ta baje gonaki a haƙa kanal. A dangwala a shunin da aka kwaɓa da ƙaro, a danna, ƙasa ta fito tas. Ranar Asabar za su kai yadin Kano, inda 'yan wasan garuruwa ke haɗuwa, kuma Auta ya yi mini alkawari zai faɗi sunana a gaban kowa.

To, wannan yadin ne wani la'ananne ya bi da babban yatsa, ya dangwalo shuni ya murje kowace giginya. Daji guda ya koma tabo-tabo kamar jikin mai ƙyanda. Ruwa na nan, dutse na nan, ba a taɓa su ba. Na duba faifan hatimai, na giginya ba ya ciki.

Kafin ka ce me, soro ya cika. A gabansu na ɗaga hannu.

"Wallahi tallahi, duk wanda ya yi wannan, ko ubana ne ya taso daga kabari, sai na buga masa hatimin nan a tsakiyar goshi."

Malam, maigidana, yana zaune a dakalin ƙofa da rediyonsa. Tsohon marini ne, hannuwansa sun rine da shuni tun kafin a haifi Auta, ko me za a wanke su da shi haka suke. Bai waigo ba ya ce, "Ke dai ki rage rantsuwa."

"Ba yadinka ba ne," na ce.

*

Na aika a kira Iliyasu mai bin sawu. Taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, yana ɗingishi tun wata faɗuwa da ya yi daga kan jaki. In an sace akuya ko injin ban ruwa daga nan har Bunkure, shi ake nema.

Ya iso yana goge goro a baki. "Sa'a, ni awaki nake bi, ba kayan wasan yara ba."

"Rabonka da ka gano akuya da ranta tun yaushe? Kullum fata kake kawo wa mutane. Shigo."

Ya tsaya a bakin soro ya dubi ƙasa ya yi tsaki. "Kin tara gari sun tattake mini sawu. Ko giwa ce ta shigo ba zan gane ba."

Ya durƙusa da ƙyar a gefen yadin. Ya kai hanci kan tabon ya sansana. Ya karyo tsinken tsintsiya ya auna faɗin yatsan, ya soke tsinken a hula.

"Wa kike zargi?"

"Matar Auta."

"Haba dai."

"Ka ji ni."

Ba zan ɓoye ba, tun da Saliha ta shigo gidan nan komai nata ya fi. Ni na sassaƙa hatimai da wuƙata har yatsuna suka yi kanta, amma da aka zo bugawa sai Auta ya ce, "Inna ki huta, hannun Saliha ya fi daidai." A gabana ya faɗa. Abokansa su zo su leƙa yadin su ce kai, Saliha ta iya. Wanda ya haƙa rijiya yana tsaye, ana yabon guga.

Aka kira ta. Ta zo ta durƙusa, yatsunta shuɗi.

"Dubi hannunta," na ce.

"Inna, tare muka tafi barka. Ni na riƙo miki kwano."

"Kin fita ana tsakiyar cin tuwo."

"Ke kika aike ni in karɓo miki ruwan sanyi."

Iliyasu ya zaro tsinkensa ya ɗora a babban yatsanta. Ko rabi bai cika ba.

"Baba," ta ce masa, idonta ya kawo ruwa, "giginyun nan ɗaya bayan ɗaya na buga su har bayana ya ƙage. Wa zai dama kunu ya zubar?"

"Ka ji ko? Na buga. Ita ta buga. Da me kika buga, da goshinki?"

"Tashi ki tafi, 'yata," in ji Iliyasu. Da ta fita ya dube ni. "Wannan ba ɓarawo kike nema a jikinta ba."

"Aikinka aka kira ka, ba wa'azi ba."

*

Washegari da hantsi muka shiga kasuwa wajen Amiru, mai yin hatimin roba a bakin tasha. Shi ne ya ce wa Auta kayan ƙwarya ƙauyanci ne, in za a je Kano a zo ya yanka musu na inji. Har ya ce wai tsohuwar da ba ta san bihim ba me ta sani a kan taswira.

Yana ganina ya miƙe. "Hajiya, sannu da zuwa. Na ji abin da ya faru."

"Ka ji ko ka yi?"

Iliyasu ya kama hannunsa ya juya. Tawada ce ja-ja mai ruwan makuba a yatsunsa, ta kanti, mai warin magani. Ya sansana ya saki.

Amiru ya yi dariya. "Baba, ni da zan yi sata ai na ruwa zan ɗauka. Giginya ko yaron shagona ya yi ta. Igiyar ruwan nan ce ta gagare ni, na ɓata roba ba adadi."

"Ka ɓata roba kana me?"

Ya ga ya yi suɓutar baki. Ashe hotunan hatimaina duk suna cikin wayarsa, yana kwaikwaya a ɓoye. Abin da na faɗa masa a wurin ba zan maimaita ba, amma masu lemo da masu adaidaita sun ji, kuma babu wanda ya ba ni rashin gaskiya. Iliyasu ne ya ja ni da gefen mayafi.

"Ɓarawo ne," na ce.

"Ɓarawon ido ne. Ba shi ya shiga soronki ba. Jiya tun safe yana Madobi, masu mota sun shaida."

A tashar muka ga Mudassiru a cikin adaidaitarsa. Abokin Auta ne, yana cikin 'yan wasan. Auta da kansa ya gaya mini cewa a zaman da ya wuce maharba sun ɓuya a dajin giginya sun kashe jarumin Mudassiru, wanda ya daɗe yana renonsa, har ya tashi ya buga ƙafa ya ce sai ya ga bayan dajin nan.

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Inna, a cikin wasa na faɗa! Wuta zan sa masa a labari, in ƙwaya ta ba ni."

Iliyasu ya ɗora tsinke a yatsansa. Ya cika daidai. Kuma akwai shuni a ƙarƙashin farcensa.

"Duk wanda ya taɓa yadin sai ya kwasa," in ji Mudassiru. "Wallahi sabon jarumina ma maharbi ne. Dajin nake jira."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Ina kan titi, Baba. Wa zai riƙe mini lissafin inda na bi?"

Ni a raina magana ta ƙare. Ga dalili, ga yatsa, ga shuni. Na ce wa Iliyasu ya kamo shi mu tafi gida.

"Da wane hatimin za ki buga masa?" ya ce. "Bari mu nemo shi tukuna."

*

Bai koma soro ba. Bayan gida ya zagaya, yana tafe yana duban katanga maimakon ƙasa. A kusurwar lungun da ke fita bayan gari ya tsaya. Ga shatin yatsu shuɗi a jikin bango, daidai kafaɗa.

"Ya dafa nan. Da ɗanyen shuni a hannu."

Muka bi lungun har bakin gonaki. An saki ruwa ta wannan ɓangaren ranar Litinin, ƙasa da sauran laushi. Can ya nuna mini sawu, na takalmin roba irin wanda rabin Kura ke sawa.

"Ai Mudassiru ma irinsa ne a ƙafarsa."

"Yi shiru, Sa'a, kina firgita mini sawu."

Muka bi. Rana ta fara zafi, ni da ciwon gwiwa, shi da ɗingishi. Sawun ya miƙe gabas, sai ga magudana ta tare shi. Mai shi ya tsaya a bakinta, ya bi gefe har ya sami wurin tsallakawa, sannan ya dawo daidai inda ya baro ya ci gaba da miƙewa. Gaba kaɗan ya sake yin haka. Ya ratsa fangalin albasar mutane, alhali ga hanya shararriya a gefensa.

Iliyasu ya tsaya ya tura hula baya.

"Kin ga yaran yanzu, kan iyakar fangali suke bi, don da ita suka buɗe ido. Wannan ba ya ganinta. Wata hanya yake bi wadda babu ita."

"Aljani ne ke nan?"

"Aljani da takalmin roba?"

Sawun ya ƙare a kusurwar wata gonar shinkafa. Ƙafa biyu a jere, sun nutse sosai, alamar an daɗe a tsaye. Gefe kuma ga gurbin diddige, an danna wani abu cikin laka. Iliyasu ya naɗe hannun riga ya zura yatsu. Ya zaro hatimina, ya ɗauraye a ruwan fangali. Ko tsagewa bai yi ba.

Na karɓe na ƙulle a bakin zane. Na duba gabas na duba yamma, shinkafa ce kore har iyakar gani, babu itace babu gida. Shi kuwa ya daɗe yana duban tsohuwar tsamiyar bakin gari, ya juya ya dubi hasumiyar masallaci, yana motsa leɓe.

"Me ka gani?"

"Tara mini su bayan azahar. Duka."

*

Aka taru a soro, yadin a shimfiɗe a tsakiya. Auta ya baro aiki. Mudassiru ya raɓe a jikin bango kamar an jiƙa shi. Amiru ya zo don ya ce ba zai bari a ɓata masa suna ba, kamar yana da shi. Saliha tana daga bakin ƙofar cikin gida. Malam yana dakalinsa a waje, rediyo a kunne, amma na lura ba ta magana.

Iliyasu ya karɓi hatimin ya ɗora a faifai, ya miƙa wa Amiru.

"Wace giginya ce wannan?"

"Giginya ce dai. An karkata ta don ado."

"Don ubanka," na ce.

Mudassiru ya ce shi ya ɗauka kuskuren wuƙa ne. Saliha ta ce ta taɓa tambaya, na ce mata ba ruwanta. Auta ya ce, "Inna ta ce wata ce ta da. Ban san inda take ba."

"Ba za ku sani ba," in ji Iliyasu. "An tumɓuke ta kafin a haifi iyayen wasunku. Ni na san ta, na ci 'ya'yanta." Ya ɗaga murya yadda za a ji a waje. "Ta gonar Isma'ila mai goro ce, yamma da tsohuwar rijiya."

Na buɗe baki in ce masa ƙarya yake. Wani ya riga ni.

"Gabas da rijiya," aka ce daga dakali. "Kuma ba ta Isma'ila ba ce. Ta gonar Habibullahi ce."



"Haka ne, Malam Uba," in ji Iliyasu a hankali. "Gabas da rijiya. A gurbinta na tono hatimin nan ɗazu. Wanda ya kai shi tsohuwar turbar rijiya ya bi, wadda kanal ya cinye. A cikinmu nan mutum uku ne suka taɓa taka turbar. Sa'a tana gidan barka. Ni kuwa sawuna ko makaho ya san shi."

Habibullahi dai wani ne da ya nemi aurena tare da Malam, muna yara. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Sunansa bai taɓa fitowa a gidan nan ba sai ranar.

Malam ya taso ya tsaya a bakin soro.

"E, ni ne. Sai me? Sorona, shunina, ɗana. Kullum in fito masallaci in tsallake daji guda na giginyar Habibullahi! Ba ɗaya ba, daji! Samari su zo ƙofata, ko gaisuwar kirki babu, sai Inna tana ciki? Inna tana ciki? Yanzu kuma a ɗauka a kai Kano a nuna wa duniya. Itatuwa nawa ne a ƙasar nan? Ga tsamiya, ga kuka, ga marinata ma guda, wa ya sassaƙa ta? Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha."

Saliha ta ja mayafi ta shige ciki da gudu. Auta ya kora abokansa waje, shi ma ya bi su kansa a ƙasa. Mudassiru har da tuntuɓe. Ban hana su ba. Iliyasu ma ya fara laluben takalmi.

"Kai zauna. Rantsuwa tana son shaida."

"Sa'a, mijinki ne. Ki yi kaffara, azumi uku ne in ba hali."

"Ni zan yi azumi a kan laifin wani? Da ciwon gwiwata ya sa na ratsa gonaki. Na zagi yarinyar mutane, na kusa sa a kama ɗan mutane. Shi yana zaune yana jin rediyo."

"Ba ni na sa ki zage su ba," in ji Malam.

"Kai ka yi shiru."

Na jawo kaskon shuni, na zuba ƙaro na dama. Hannuna bai yi rawa ba, ko da Auta yana cewa na Saliha ya fi daidai. Na dangwala hatimin na miƙe.

Malam ya dube ni, ya dubi Iliyasu. Iliyasu ya mai da ido kan rufin soro. Sai Malam ya kai hannu da kansa ya cire hula. Kan duk furfura, ban san ta kai haka ba.

Na ɗora masa a tsakiyar goshi na danna, ban ɗaga ba.

"A gindinta na tsayar da Habibullahi," na ce. "Na ce masa ya nemi wata, ni marini nake so, ko da hannunsa zai ɓata mini zane. A nan na zaɓe ka. Shekara hamsin kana cin tuwon hannuna, ba ka taɓa tambaya ba. Sai ka bi ta da yatsa."

Na ɗaga. Ta fito tas, har doron.

Ya tsaya da hula a hannu kamar wanda aka tasa daga barci. Iliyasu ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce shi dai awaki sun fi masa sauƙi, ya fice.

*

Sabon yadi Malam ya sayo, ban tambaye shi ba, ban kuma gode ba. Na ce dajin da ya kashe shi zai dasa, da hannunsa. Ya zauna a soro ya yi ta bugawa, wasu a karkace. Saliha ta zo za ta riƙe masa kasko, na ce ta je ta duba tukunya, ni ma ina da hannu. Da daddawa mai kyau na aika mata, ta san ma'anarta. Hotunan da ke wayar Amiru kuwa, na kai maganar gaban mai unguwa, kuma ba zan janye ba.

Ranar Juma'a na ajiye masa lemon tsami da toka a bakin randa. Marini ne, ya fi kowa sanin abin da ke fitar da shuni daga fata tun yana sabo. Ya yi alwala, ya tsallake su. Da zai fita masallaci na ga ya tsaya a soro ya tura hular baya.